Jeren Amarya a Legas: Kafet, Tayil Ko SPC?

Tambaya: Zan aurar da 'yata bayan Sallah, kuma a Legas za ta zauna, unguwar Agege. Mijin ya kama hayar ɗaki biyu da falo a ƙasan bene. Akwai tsohon tayil a falon, ɗakunan kwana kuwa daɓen siminti ne kawai. Niyyata in sayi kafet mai malale ɗaki bango zuwa bango daga nan Kano in aika, kamar yadda na yi wa yayarta. Me ake yayi yanzu, kuma me zai fi dacewa da ita?

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya, ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Na fi shekara ashirin ina aikin shimfiɗa ƙasan ɗaki a garin nan, daga Agege da Idi-Araba har gidajen Lekki, kuma zan fara da abin da ba za ki so ji ba: kafet ɗin nan da kika yi wa yayarta, kada ki aiko shi. Ba don ya tsufa a ido kaɗai ba. Ƙasar Legas ce ba ta karɓarsa, musamman a ƙasan bene.

Ruwan saman da ake yi a nan ya kusa ninka na Kano. Damina tana farawa tun wajen Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan sarara a Agusta, sannan ta dawo har Oktoba. Laimar da ke cikin iska kan haura kashi 80 cikin 100 a yawancin watannin shekara, alhali a Kano lokacin hunturu tana sauka ƙasa da kashi 20. A Kano abokiyar gabar kafet ƙura ce, ita kuwa ƙura ana share ta, ana kaɗe ta. A nan danshi ne. Yana tasowa daga ƙarƙashin siminti, ya shige bayan kafet inda iska ba ta kaiwa, ya zauna. Kafin amarya ta cika wata huɗu za ta fara jin wani wari-wari idan ta buɗe ƙofa da safe, ta yi ta zuba turaren wuta, warin ya lafa, da yamma ya dawo. Ranar da aka ɗaga gefen kafet ɗin sai a tarar da baƙar funfuna ta bi bayansa kamar taswira. Waɗannan ƙananan ƙwarin ƙura da ido ba ya gani, masu tayar wa yara da asma da atishawa, su ma irin wannan laimar suke so. Ban da ambaliya. Duk wanda ya ga ruwan 10 ga Yulin 2011, ko wanda ya mamaye Lekki da Victoria Island a Yulin 2017, ko na farkon Yulin 2024, ya san cewa a ƙasan bene ruwa kan shigo ba sallama. Kafet na tsakiya sai a naɗe shi a ɗora kan kujera. Wanda aka like da gam bango zuwa bango kuwa, ranar ya gama aiki.

Akwai wani dalilin da ni a wajena ya fi nauyi, kuma masu sayar da kaya ba sa faɗa. Mu mutane ne masu rayuwa a ƙasa. A ƙasa muke sallah, a ƙasa muke cin abinci, baƙi mata in sun zo barka a ƙasa suke zama ko da kujeru sun cika falo. Nan da shekara ɗaya ko biyu, in Allah ya yarda, akwai jariri mai rarrafe a gidan. Tun a Islamiyya aka koya mana cewa najasa da ruwa mai tsarki ake gusar da ita, bushewa kaɗai ba ta isa ba, kuma in wurin ya ɓace maka sai ka wanke abin gaba ɗaya. To ta yaya za a wanke kafet ɗin da aka like a ƙasa, a garin da tawul kan kwana biyu a kan igiya bai bushe ba? Na shiga gidaje da yawa inda matar gida ta daina yarda da falonta, sai ta shimfiɗa darduma biyu kafin ta tayar da sallah. Bai kamata ƙasan ɗakin mutum ya zama abin kokwanto a gare shi ba.

Abin farin ciki shi ne, yayin da ake yi yanzu ya zo daidai da abin da garin yake buƙata. Ƙasa mai tauri wadda ake gogewa da tsumma, sannan a ɗora kafet na tsakiya wanda ake iya ɗagawa a wanke. Haka ake yi a sababbin gidajen Lekki da Ajah, haka kuma ake yi a jeren amaren Agege. Kafet mai malale ɗaki bai mutu ba, amma ya koma inda ya dace da shi: masallatai, inda ake shimfiɗa mai layin sahu ɗan Turkiyya, da otal-otal, da ofisoshin Ikeja da Victoria Island da ke amfani da mai yanka-yanka na santimita 50 a 50, wanda in ɗaya ya ɓaci a cire shi a sa wani. Duk waɗannan wurare na'urar sanyaya ɗaki tana aiki kusan kullum tana tsotse danshi. Gidan sababbin aure kuwa, da tsadar wutar da ake ciki tun ƙarin kuɗin da aka yi wa masu amfani da lantarki 'yan rukunin A a Afrilun 2024, ba za a bar ta a kunne don kafet ba.

Bari in ɗauki tayil, don shi ne sarkin ƙasan ɗaki a Legas. Abu uku suka canza a kansa. Na farko girma. Ɗan santimita 30 a 30 da ɗan 40 a 40 sun koma kicin da bayan gida da gidajen haya na da. Yanzu 60 a 60 shi ne na kowa, masu hali kuma sun koma 60 a 120, saboda layukan tsakani suna raguwa, ɗaki ya yi kamar ya ƙara faɗi. Na biyu sheƙi. Shekarun baya kowa mai ƙyalli kamar madubi yake so, yanzu ido ya koma kan mai dishi-dishi marar sheƙi, kuma na ji daɗin wannan sauyi ƙwarai, don mai ƙyallin nan ya kayar da tsofaffi da masu ciki ba adadi. Mutum ya fito daga alwala ƙafarsa da lema, taku biyu sai ƙasa. Na uku kala. Ruwan toka da fari fat sun yi zamaninsu, har gidaje suka riƙa kama da asibiti. An dawo ruwan madara, ruwan ƙasa mai haske, ruwan zuma, da mai zanen katako wanda ake yankawa dogo-dogo kamar falanki. Wasu suna jera shi a karkace, salon da ake cewa ƙashin kifi. Yana da kyau matuƙa, sai dai yana cin kaya, don yankan gefe yana da yawa, kuma yana buƙatar mai hannu.

In za a sayi tayil a tambayi fosilin. Bambancinsa da tayil na gama-gari shi ne an gasa shi da wuta mai tsanani har ya toshe, ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. Gwajinsa a kasuwa ba wuya: a juya bayansa a ɗiga ruwa. In ruwan ya tsaya, fosilin ne, in ya shanye nan take, ba shi ba ne, ko me aka rubuta a kwali. Amma wannan rashin shan ruwan shi ne ya sa siminti zalla ba ya kama shi da kyau, dole sai da gam ɗin tayil na buhu, a shafe ƙasa gaba ɗaya da cokali mai haƙora. Leburan da ke ɗora dunƙulen siminti biyar a bayan tayil su manna, su ne suke barin rami a ƙarƙashi, ƙafar gado ta taka ya fashe. Kuma a bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin kowane biyu. Masu gida da yawa suna cewa a matse su don kada layi ya fito, bayan shekara biyu sai a ji ƙara cikin dare, a tashi a ga tayil ya yi tozo a tsakiyar falo saboda ya buɗe bai sami wurin motsi ba. Na banɗaki kuwa a nemi mai kaushi, wanda aka rubuta R10 ko R11 a kwalinsa, wannan lambar ita ce ma'aunin riƙon ƙafa.

Ba sai na waje ba. Tun da aka saki darajar naira ga kasuwa a Yunin 2023 kayan Sifaniya da Italiya suka fi ƙarfin yawancin mutane, na gida kuma ya inganta. Akwai masana'antu a Igbesa da Shagamu a jihar Ogun, nan kusa da mu, akwai kuma a Ajaokuta ta jihar Kogi. Babbar kasuwarsa a nan ita ce Odunade, a Coker ta wajen Orile. Wanda zai je ya kula da abu biyu: lambar rukunin da ke jikin kwalaye ta zama ɗaya, don kala takan ɗan bambanta daga wannan gashi zuwa wancan, sannan ya haɗa guda biyu fuska da fuska ya duba ko akwai wanda ya lanƙwashe. Lissafin kuma ga shi. Kwalin 60 a 60 yawanci guda 4 ne a ciki, murabba'in mita 1.44 ke nan. Ɗaki mai ƙafa 12 a 12 ya ɗan haura murabba'in mita 13. In aka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, kwali 11 za a saya, ban da na gindin bango. Abin da ya rage a ajiye shi, ranar da ɗaya ya fashe ba lalle a sami irinsa a kasuwa ba.

Sai dai, Hajiya, gidan haya ne. Duk tayil ɗin da kika manna ya zama na mai gida. Hayar Legas kuwa shekara-shekara ce, ba wanda ya san ko za su kai shekara uku a wurin. Shi ya sa nake so ki saurari zancen SPC da kyau, don shi ne sabon abin da ya fi karɓuwa a 'yan shekarun nan, kuma kamar don irin 'yarki aka yi shi.

Falankai ne sirara, kaurinsu milimita 4 zuwa 6, an yi su da garin farar ƙasa haɗe da roba, an ɗora hoton katako a sama, sannan aka rufe da wata fata mai hana gogewa. Ba a sa musu gam, bakinsu ne yake shiga cikin na juna ya kulle. Ruwa ba ya kumbura su, gara ba ta cin su, ba su da sanyin tayil a tafin ƙafa da asuba, kuma ana iya shimfiɗa su a kan tsohon tayil ba tare da an fasa komai ba. Falo guda yini ɗaya ya isa. Ranar tashi kuma a kwance su a tafi da su, ko da yake gaskiya wasu bakunan za su karye wajen cirewa, kada a sa ran za a kwashe duka lafiya. Abin dubawa wajen saye shi ne kaurin fatar saman: milimita 0.3 ya isa ɗakin kwana, falo mai yawan baƙi kuwa a nemi 0.5. Sharaɗinsa ɗaya ne mai tsauri, ƙasa ta zama a miƙe sumul. In akwai tudu da kwari, makullan suna karyewa a hankali, falankan su fara buɗe baki. Kuma a bar 'yar tazara a gindin bango a rufe ta da katakon gefe.

A kiyaye kada a ba ku laminet a ce SPC ne, don a ido kusan ɗaya suke. Shi laminet cikinsa garin katako ne da aka matse. Na taɓa shimfiɗa shi a wani gida a ƙasan bene, na faɗa wa mai gidan tsorona, ya ce shi ya gani a Dubai kuma shi yake so. Damina ɗaya bakunan suka kumbura suka tashi kamar burodin da ya sha shayi, muka kwashe shi gaba ɗaya. Har yau ina jin nauyin wannan aikin, da na tsaya a kan maganata da kuɗinsa ba su tafi a banza ba. Gane su ba wuya: a duba gefen falankin, na laminet ruwan ƙasa ne kamar katako kuma ya fi kauri, milimita 8 ko 12, na SPC fari-fari ne ko ruwan toka, siriri, amma da nauyi a hannu.

Zubin roba mai sheƙi da ake kira ifoksi, wanda ake sa hoton teku ko furanni a ƙarƙashinsa, ya yi tashe a Instagram, amma ban ba ki shawararsa ba. Rana tana mayar da shi rawaya, danshin ƙasa yana tayar masa da ƙuraje, yana da santsi, kuma ba a ɗauke shi. Tarazo kuwa, wato daɓen siminti mai ƙananan duwatsu da ake gogewa ya yi sumul, irin na tsofaffin gidajen Surulere da Yaba, ya dawo da ƙarfinsa, har ana buga zanensa a jikin tayil. Duk wanda ya kama gida ya tarar da tarazo na asali, kada ya rufe shi, ya kira masu injin gogewa su fito masa da shi. Aikin da ya shekara hamsin bai motsa ba ya fi abin da za a ɗora masa.

Yanzu ga kafet na tsakiya, inda nan ne kuɗinki da idonki za su yi aiki, kuma nan ne 'yan ganin jere za su tsaya. Mai dogon gashin nan da aka yi yayi, wanda ƙafa ke nutsewa a ciki, ya ja baya, kuma gara haka, don yana ɓoye ƙwayar shinkafa da kyankyaso kuma ba ya bushewa. Yanzu mai gajeren gashi ake so, mai zane marar hayaniya, kamar an zuba madara a ruwan ƙasa an ɗan juya, ko mai kamannin tsohon kafet ɗin Farisa da kalarsa ta ɗan kwanta. Masu zagaye da masu lanƙwasa irin ta ƙoda sun shigo, suna kyau a ɗakin kwana ko gaban madubi. Akwai kuma sirara masu roba a baya waɗanda ake iya wankewa a baho, su ne na fi so wa mai ƙananan yara. Yawancin masu kyaun da ke kasuwa daga Turkiyya suke, birnin Gaziantep ne cibiyar saƙarsu da inji, sai na Sin masu sauƙin kuɗi, sannan muna da na gida, Nobel, da ake yi a Ikorodu. Saboda haka ba sai an ɗauko daga Kano an yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 da shi a bayan mota ba, da yawansu ta tashar jirgin ruwan Legas suka shigo kafin su hau Arewa.

Kuskuren da na fi gani shi ne sayen ƙarami. A sa ɗan ƙafa 4 a 6 a tsakiyar babban falo, ya zama kamar darduma aka manta. A auna yadda ƙafafun gaban kujeru za su hau kansa, a yawancin falukan haya 7 a 10 ne yake zama daidai, ƙaramin falo kuma 5 a 7. In wurin zama a ƙasa za a yi mata irin majalisar Larabawa da tum-tum, wadda matasanmu suke so yanzu, to a ƙara girma, amma a bar kamar taku ɗaya tsakaninsa da bango don iska ta riƙa zagayawa. Gara guda biyu matsakaita da za a haɗa, da ƙato ɗaya da mace ba za ta iya ɗagawa ita kaɗai ba.

Sai maganar turaren wuta, wadda duk mai sayar da kafet da ba Bahaushe ba ba zai tuna ya faɗa miki ba. Mafi yawan kafet ɗin kasuwa zarensu roba ne da ake kira folifurofilin. Ba ya shan ruwa, ba ya kama kalar zobo ko shayi da sauƙi, shi ya sa ya dace da Legas. Amma yana narkewa da zafin da bai wuce digiri 160 zuwa 170 ba, garwashi kuwa ya ninka haka. Ɗan tartsatsi ɗaya daga kasko ya isa ya bar baƙin rami da ba ya gyaruwa. Kuma yana son maiƙo, man ja ko humra in suka zuba sai an yi da gaske, a danna da tsumma da sabulun wanke kwano nan take, kada a cuɗa. Na ulu ya fi jure wuta, babbakewa yake ɗan yi ya mutu da kansa, sai dai yana da tsada kuma yana riƙe danshi. Shi ma SPC garwashi yana ƙona shi. Maganin mai sauƙi ne: a ware tayil guda ɗaya babba a ajiye a kusurwa ya zama mazaunin kasko, a ce wa amarya kada kasko ya sauka ko'ina sai a kansa. Masu kama da igiya da ake saƙawa da zaren rama, waɗanda ake nunawa a hotunan gidajen Turai, suna da kyau amma funfuna suke yi a nan. In ana son irin wannan kamannin, tabarmar kaba tamu ta fi su, a shanya ta a rana ta dawo sabuwa.

Kafin a kashe ko sisi, ki sa angon ya yi abu biyu, ba sa buƙatar ma'aikaci. Ya sami leda mai kauri kamar faɗin taku ɗaya da rabi, ya shimfiɗa a kan simintin kowane ɗaki, ya like gefunanta huɗu da salatif, ya bar ta kwana ɗaya. In ya ɗaga ya ga raɓa a cikinta ko simintin ya yi duhu, ƙasan yana tsatsar da ruwa, wataƙila ba a sa leda a ƙarƙashin jaman fulo, wato kankaren da ake zubawa a ƙasan gida, ba lokacin gini. Ya kuma duba gindin bango, in fenti yana ɓarewa ko akwai farin gishiri-gishiri, labarin ɗaya ne, ya tambayi maƙwabta ko ruwa yana shiga gidan da damina. Na biyu, ya bi tayil ɗin falo yana ƙwanƙwasawa da mukulli. Mai ƙarar tauri lafiya yake, mai ƙarar ganga ya saki.

In tayil ɗin falon yana da lafiya kuma kalarsa ba ta yi muni ba, ni da zan bar shi, a wanke shi da kyau, a sake cike layukansa da sabon gari mai ɗan duhu don fari yana saurin dauɗa, a ɗora babban kafet mai kyau. In ya yi muni amma bai saki ba, a rufe shi da SPC mai ruwan zuma. Ɗakunan kwana in gwajin leda ya fito a bushe, SPC a kan 'yar shimfiɗar ledar kariya, da ƙananan kafet biyu a gefen gado. In kuɗi sun yi kaɗan, ledar ɗaki mai kauri mai zanen katako ba abin kunya ba ce, sai dai kada a sa mata gam, don a riƙa ɗaga ta ana shanya ƙasan. In kuwa gwajin ya nuna danshi, to a zauna da mai gidan a nemi ya yarda a sa tayil a cire kuɗin daga haya, kuma a rubuta a takarda da sa hannunsa da na wakilinsa kafin a sauke kwali ko ɗaya. Sabon daɓe in an yi, a ba shi mako huɗu ya bushe kafin a rufe shi, saboda haka a fara aikin tun wata biyu kafin ranar jere, kada 'yan kawo amarya su iso siminti yana ɗanye.